Kaset Ɗin Da Aka Sayar Guda Uku

A shekarar 1994 wani mutumin Kumasi mai suna Yaw Atta-Owusu, wanda aka fi sani da Ata Kak, ya fitar da kaset mai waƙoƙi bakwai, ya sa masa suna Obaa Sima, wato mace ta gari a harshen Tuwi na Tonawa, mutanen Asante. A ɗakinsa a birnin Toronto na ƙasar Kanada ya ɗauki waƙoƙin da 'yan na'urorin da ya iya saya. An buga kaset wajen 50 a Gana, guda uku kaɗai aka saya. Daga nan maganar ta mutu.

Duk wanda ya saurari kaset ɗin da kunnen basira zai ga cewa kasuwa ta yanke hukuncin zalunci. Mawaƙin yana zuba kalmomi da sauri bisa bugun ganga na na'ura, muryar mace tana amsa masa kamar yadda 'yan amshi ke yi a dandali. A waƙar Daa Nyinaa, kiɗan ba ya gajiyar da mutum ko da yake abu ɗaya yake maimaitawa, gama muryar tana sake tafiya a kowane juyi. Akwai kasawa, ba shakka. Sautin bai fita tsab ba, wasu waƙoƙin kuma sun yi kama da juna. Amma wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. Mutumin nan ya yi waƙar zuba da harshen gida shekara uku kafin Reggie Rockstone ya fitar da Makaa Maka a 1997, faifan da ya buɗe wa kiɗan hiplife hanya.

A 2002 wani Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya sayi kaset ɗin a bakin hanya a Cape Coast. Ya yi shekaru yana neman mai shi, ya same shi ya riga ya koma Kumasi. A 2015 aka sāke fitar da waƙoƙin, Ata Kak kuma ya je ya yi wasa a ƙasashen Turai. Shekara 21 ke nan bayan fitowar kaset ɗin, ba a kuwa ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

In haka ta sami wanda ya yi waƙa da harshen da ya fi yawan masu ji a Gana, ina ga mawaƙin Zangon Kumasi? Fataucin goro ne ya kawo Hausawa ƙasar Asante, suka ƙaru bayan yaƙin Salaga na 1892. Har yau a unguwanni irin su Aboabo da Asawase, Hausa ce ke haɗa Bahaushe da Bamoshe da Badagombe, Musulmi da Kirista. Amma Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta zaɓa don koyarwa a makarantu, masu zuba kuɗi a harkar waƙa kuwa Tuwi da Turanci suke bi. Ƙungiyar VIP, wadda ta tashi a Nima, zangon birnin Akra, tana cuɗa Hausa cikin waƙoƙinta, amma waƙar da ta kawo mata manyan kyaututtukan ƙasa a 2004 ita ce Ahomka Womu, mai sunan Tuwi. Waƙoƙin mata na biki da na suna, da na masu kalangu a ƙofar gida, da wuya su tsallake bakin unguwa. Waɗansu sun fi na rediyo azanci da zurfin magana, amma ana rera su shekara da shekaru ba wanda ya san wa ya ƙago su.

Wannan magana ta shafi ikilisiya. Ko'ina ake sujada da Hausa, matan zumunta suna ƙago waƙoƙi da tulu da kacau-kacau, masu koyar da Maganar Allah ga wanda bai iya karatu ba. Yawancinsu ba su shiga Littafin Waƙoƙi ba. Idan tsohuwar da ke ba da waƙa ta rasu, sau da yawa baitocin sukan bi ta kabari, amshi kaɗai ya rage. Markus sura 6 ta nuna yadda mutanen garin Yesu suka raina shi domin sun san gidansu da sana'arsa. Halin nan ne yake sa jama'a su jira baƙo ya yaba wa ɗansu kafin su tafa masa.

Zabura ta iso hannun masu bi domin waɗansu sun rubuta ta, har suka ajiye sunayen Asaf da 'ya'yan Kora a bisa waƙoƙinsu. Yanzu kusan kowane gida akwai wayar da za ta iya ɗaukar murya. Aikin da ya rage shi ne matasa su zauna da mawaƙan unguwarsu da na majami'arsu, su ɗauki waƙa daga farko har ƙarshe, su rubuta sunan mai ita da shekarar da ya yi ta, su kuma biya shi hakkinsa in an sami riba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.