Kiɗa Ba ’Yan Kallo: Sharhi Kan Wani Wasa a Jos

A daren wata Asabar cikin hunturu na shiga wani ɗan ƙaramin kulob a Jos domin sauraren wasu makaɗan zamani su shida. Kujerun ɗakin za su kai hamsin, amma mu 11 ne muka hallara, har da mai karɓar kuɗin ƙofa. Abin da wannan taƙaitaccen sharhi zai duba shi ne abin da ke saura ga waƙa idan aka raba ta da taro.

Manazarta waƙar baka, musamman Sa’idu Muhammad Gusau a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), sun nuna cewa ba a raba waƙa da yanayin aiwatar da ita. Mai kari da mai guɗa da sanƙira duk suna da hannu a ɗiyan da makaɗi ke ƙullawa, domin idonsa na kansu. A wannan dare babu ko ɗaya daga cikinsu, don haka aibin da hayaniya kan rufe ya fito fili.

Babban aibin kuwa na harshe ne. Jagoran ya ɗora kalmomin Hausa bisa raujin hailaif ba tare da kula da tsawon wasali ba. Inda kiɗan jita ya nemi jan murya sai ya ja gaɓar farko ta “gari”, nan take garin Jos da yake yabo ya koma garin tuwo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi murmushi, ya gyara mayafinsa. Wannan sakaci ne, domin an daɗe da shawo kan matsalar. Bala Miller, haifaffen Fankshin, wanda ya rasu a 2003, ya yi shekaru yana haɗa Hausa da kayan busar Turawa, kalma ba ta karye masa ba. A Jos ɗin nan ma ƙungiyar Sahara All Stars ta yi tashe a shekarun 1970, sa’ad da garin kuza ke tara kowace ƙabila a fili guda.

Sai dai zan yi musu adalci. Wajen ƙarfe goma lantarki ya ɗauke, lasifika ta yi shiru, mai kalangu ya ci gaba shi kaɗai. Jagoran, da yake ba shi da mafaka, ya bi bakin kalangun, wanda dama da karin harshe yake magana. Ya rera waƙa a kan unguwar da ya tashi, wadda rabonsa da kwana cikinta tun rikicin Satumbar 2001, alhali tafiyar bai fi minti goma ba. Jigon ya tsaya, gindin waƙar ya zauna a baki, har muka zama ’yan amshi ba da an roƙe mu ba. Nan na tuna da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015: kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ishe shi, ba ’yan karɓi, domin nauyin waƙarsa a kan magana yake.

Da aka tayar da janareto sai suka koma wa tsohon salonsu. Dattijon ya tashi, ya manna wa mai kalangu naira 200 a goshi, ya fita.