Launi Uku Sun Isa? Sharhi Kan Koyon Zanen Kayan Ajiye

Akwai wata hanya da malaman zane ke bi da sabon ɗalibi: a jera masa kwalba da kofi a kan tebur, a ba shi fenti fari da baƙi da ƙasa-ƙasa kawai, a ce ya zana ba tare da ya kwaikwayi kamanninsu sak ba. Wasu na ganin wannan rowar fenti ce. Ni kuwa a ganina taƙaita launin daidai ne. Inda nake da ja shi ne gaggawar sa ɗalibi ya farfasa siffa.

Masu wannan hanya sukan kafa hujja da Georges Braque na Faransa. Tsakanin 1909 da 1912, shi da Picasso sun yi watsi da launuka masu ɗaukar ido, suka tsaya kan toka-toka da ƙasa-ƙasa, don ido ya koma kan ginin siffa. Amma fa a zanensa na gogen Turawa da tulu, wanda ke birnin Basel, Braque ya zana ƙusa guda a sama har da inuwarta, kamar ka kai hannu ka zare ta. Watau mutumin ya iya zana abu yadda yake kafin ya farfasa shi. Ɗalibin da aka ce ya fara da farfasawa, me zai farfasa?

Saboda haka na fi son a haɗa mai koyo da Giorgio Morandi na Italiya, wanda ya rasu a 1964. Kusan duk rayuwarsa a Bologna ya yi ta, yana zana kwalabe da gwangwanaye iri ɗaya. Yakan shafa wa kwalaben fenti, ya bar ƙura ta kwanta musu don su daina ƙyalli. Sai ya matsa wannan kusa da waccan, ya tsaya yana kallo. A zanensa kwalba tana nan kwalba, amma ratar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta ita ma ta zama siffa. Nan ne zane ke fara rabuwa da kwaikwayo, kuma da ido ake isa wurin.

Ba sai an nemo kwalbar Italiya ba. Tulu da ƙwarya da akushi launinsu bai wuce ukun nan ba. A ajiye su kusa da taga da hantsi, ɗalibi ya yi mako guda yana neman inda inuwar akushi ta haɗe da gindin tulu, kafin a yi masa zancen Braque.