Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya, To In Ya Tsinke Fa?

Wata magariba a Agoè Zongo da ke Lome na tsaya rumfar mai tura kuɗi ta waya zan sayi wutar mita. Yaron ya danna, sefa 2,000 suka fita daga asusuna, lambobin da zan loda wa mita kuwa shiru. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba, rezo ne." Na leƙa wayarsa, sandunan rezo, wato ƙarfin sabis, a cike suke. A fitilar waya muka yi sallar isha'i.

Cinikin nan guda ta hannu huɗu ko biyar yake bi. Akwai manhajar da ke karɓar dannawa, akwai mai tantance lambar sirri, akwai mai cire kuɗi, sai sabar da ke haifar da lambobin mita, sannan mai aiko saƙon tes. Yayin da ake yi ke nan a manyan kamfanoni tun da Amazon da Netflix suka yi fice da shi: a daddatsa babbar manhaja zuwa ƙanana, kowace da aikinta, suna kiran juna.

Ban ƙi tsarin ba, domin ana iya gyara ɗaya ba tare da an rufe shago ba. Abin da ke damuna shi ne injiniyoyinmu sun ƙware a daddatsawa, sun yi sakaci da lissafin wa ke jingine da wa. Sau da yawa ƙananan nan duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Mun gani ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace tare a gaɓar Afirka ta Yamma. Kamfanin da ya yi zaton yana da hanya biyu sai ya tarar duk ta wuri ɗaya suka bi. Igiyar Equiano ta Google, wadda ta sauka a Lome a 2022, ba ta cikin waɗanda suka lalace, kuma masu jingine da ita sun ga amfaninta.

Shawarata ga masu gina manhaja ita ce su zana taswirar dogaro tun kafin rubutu, kuma su riƙa kashe kowace manhaja da gangan su ga abin da zai faru. In mai haifar da lambobi ta yi shiru, mai cire kuɗi ta dakata, ko ta mayar nan take. Sefa 2,000 ɗina sai bayan kwana uku suka dawo, bayan na taka rumfar nan har sau biyu.