Sara Ɗaya, Ma'ana Goma: Kunnen Marubuci da Hausar Karkara

Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka yawaita a Kano, har zuwa yau da ake karanta labari a wayar hannu, akwai wata cuta da ta ƙi barin alƙalumanmu. Marubuci zai kai tauraronsa ƙauye, ya ba shi gona da garma, amma da ya buɗe baki sai ka ji ɗan majalisar Fagge ne ke magana. In kuwa ba haka ba, sai a mayar da shi wawan da ba ya iya haɗa jimla. A nawa ganin, duka biyun rashin sauraro ne.

Mu ɗauki ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, mu gwada. Kalmar "sara" kanta ta isa misali. A wurin ɗalibin Hausa, sara ita ce sabuwar magana da ake yayi. A wurin manomin rake na Rogo, sara aiki ne na adda da gumi, wanda daga shi ake kai rake kasuwa ko a dafa mazarƙwaila. A bakin ɗan daba kuwa, sara jini ne.

Haka "kamu". Tun da aka gama madatsar ruwa ta Calawa a 1992, su ya zama sana'ar mutane da dama a yankin Ƙaraye, kuma kamun masunci shi ne kifin da ya kwana a komarsa. Ga mata, kamu biki ne na amarya. Saurayin birni in ya ce ya yi sabon kamu, budurwa ya samu. To, in tauraruwarka ta ji mijinta masunci yana murnar kamun jiya, me ya kamata ta fahimta? Marubuci mai kunne zai iya gina rikicin babi guda a kan wannan kalma kaɗai.

"Ƙwaya" ta fi su haɗari. Dattijon da ya ce bana ya tara ƙwaya, hatsi yake nufi, yana godiya ga Allah. Sa wannan magana a bakin matashin tasha, ka mayar da shi mashayi. "Shanya" ma haka: ta manomi barkono ce a rana, ta ɗan birni jiran wanda ya saɓa alkawari.

Ban da sana'a, akwai maƙwabtaka. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, don haka a kasuwannin yankin za ka ji mai cewa "ɗiya" irin ta Katsinawa, ka kuma ji Bazazzagi yana cewa "mace ne". Littafin da ya sa duk 'yan kasuwar nan magana da baki ɗaya ya rage wa labarinsa gishiri.

Ba cewa nake a cika littafi da sara ba, domin sara tana tsufa da wuri, mai karatu na baɗi ya rasa gane ta. Abin nufi, kafin ka sa wa tauraro kalma, tambayi kanka: ɗan ina ne, mece ce sana'arsa, da wa yake magana? 'Yan'uwa marubuta, a shiga mota a je cin kasuwa, a zauna a rumfar mai shayi, a yi shiru a saurara. Allah Ya sa mu dace.