Jami'a da Gari a Littafin *Minaret* na Leila Aboulela

Leila Aboulela ta tashi a Khartum, ta kuma yi karatu a Jami'ar Khartum. A 2005 ta fitar da ƙagaggen labari da Turanci mai suna *Minaret*. Kashin farko na littafin yana faruwa ne a wannan jami'a, tsakanin 1984 da 1985.

Tauraruwar labarin, Najwa, 'yar wani babban jami'in gwamnati ce. Da mota take zuwa makaranta. Tana son Anwar, ɗalibi ɗan gurguzu mai sukar mahaifinta. Idan ta ga ɗalibai suna salla a fili, sai ta ji wani abu ya tokare mata zuciya, ko da yake ba ta shiga sahu. A nan ƙarfin littafin yake. Marubuciyar ta nuna cewa aji ɗaya yana iya haɗa 'yar gata da ɗan talaka, amma kowa da irin garin da yake komawa da yamma.

Raunin littafin ma daga nan ya taso. Najwa ce ke ba da labari da bakinta, saboda haka mai karatu ba ya ganin abin da ba ta gani ba. A wurinta, faɗuwar gwamnati juyin mulki ne da ya zo dare ɗaya, ya ci ran mahaifinta, ya kora iyalinsu zuwa Landan. Tarihi ya fi haka faɗi. Kafin sojoji su kifar da Ja'afar Numairi a Afrilun 1985, sai da ɗalibai, likitoci, lauyoyi da malaman jami'a suka yi kwanaki suna zanga-zanga da yajin aiki a Khartum da Omdurman saboda tsadar abinci. Haka kuma a Oktoban 1964, kisan ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi a wannan jami'a ne ya tunzura gari har mulkin Janar Abbud ya faɗi. Anwar ne ya kamata ya wakilci wannan gado, amma an zana shi a matsayin mai son kansa.

Ana iya cewa jigon littafin imani ne da gudun hijira, ba siyasa ba. Gaskiya ne. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗaliban jami'ar, kuma masu karatu da yawa ta irin wannan littafi za su san ta. Ya dace ɗalibi ya karanta shi tare da tarihin 1964 da 1985, domin ya ga rabin da Najwa ba ta gani ba.