Mai Idon Iri

Saura kwana biyu a sa wa shinkafa lauje, amma dattijon ya riga masu yanka shiga gonar. Da buhu rataye a kafaɗa da 'yar wuƙa a hannu, bai tsaya a bakin gona ba sai da ya kutsa tsakiya. Can ya fara aikinsa. Ya ɗaga zangarniya ya ji nauyinta a tafin hannu, ya duba ko ta cika har wuya, ya murza ƙwaya ɗaya ya ga launin cikinta. Wadda ta kwanta masa ya yanke, wadda ba ta yi ba ya sake ta ya wuce. A wata fadama ce ta ƙasar Rabah, kusa da Tursa, kuma zaɓen iri yake yi.

Na ce, "Baba, ai duk shinkafar ɗaya ce. Me zai hana ka jira a buge, ka ɗebi mudu goma ka ajiye?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, wanda ya ɗebi iri a masussuka ya ɗebo har da na maƙwabcinsa."

Maganar tasa ta yi daidai da abin da masana suka tabbatar. Shinkafa ba kamar masara ba ce. Furenta shi ke barbarar kansa, don haka abin da ka shuka shi za ka girbe, kuma manomi na iya riƙe irinsa shekara bayan shekara. Gauraya ce ke lalata shi: gyauron bara da ya tsiro a tsakiyar sabuwar shuka, ko ƙwayar da ruwa ya kwaso daga gonar sama, ko ragowar da ta maƙale a tamfol da gangar bugu da aka aro. Shi ya sa gwanin iri ke fara aikinsa tun shinkafa na kore shar. Yana bin layi yana tuge bare: wadda ta ɗara sauran tsawo, wadda ta riga su fitar da kai, mai gashi a baki, mai jan ciki. Ni duk ganye ɗaya nake gani. Shi kuwa daga taku goma yake nuna ta da sanda.

Abin da ya fi burge ni shi ne tafiyar da irin ya yi kafin ya iso hannunsa. FARO 44 ce, wadda ta cika fadamun Arewa, asalinta daga Taiwan take, ana kuma kiranta Sipi. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ce ta gwada ta, aka sake ta ga manoma a farkon shekarun 1990. Ba ta da tsawo, ba ta saurin kwanciya, tana nuna cikin kusan wata huɗu, sai ta dace da noman rani a wuraren da ke shan ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, da kuma filayen ban ruwa na Wurno. Masana sun yi shekaru suna tace ta. Amma damina uku ta sakaci ta isa ta mayar da ita gauraye, wata ta nuna wata na ɗanye, mai casa ya karya farashi. Bayan ta bar cibiya, babu mai tsaronta sai irin wannan dattijo.

Shanyar iri ma daban take da ta abinci. Yakan baza shi a tabarma, ba a kwalta ba, yana juyawa, in rana ta take ya ja shi inuwa don kada ƙwayar ta tsage. Ma'auninsa haƙori ne: in ya ciza ta ce ƙas, ta bushe, in ta lotsa, da saura. Sai buhu mai tsabta, a ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera, a ɗaure da tsumma mai launi yadda ko yaro ya san ba na tukunya ba ne.

Akwai dabaru biyu da ya ce daga bakin malamin gona ya same su, ya kuma riƙe su don ya ga amfaninsu. Ta farko ƙirga ce. Kafin shuka ya ƙirga ƙwaya ɗari, ya jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, ya naɗe, ya riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako ya buɗe. In tamanin ko fiye sun tsiro, iri ya yi. In ba su kai ba, ya san tun kafin ya yi asarar taki da kuɗin dashe. Ta biyu ruwan gishiri ce, wadda manoman Japan suka daɗe da ita: a zuba gishiri a ruwa har ɗanyen ƙwai ya taso, a juye iri a ciki, duk wanda ya yi sama fanko ne, a kwashe. Wanda ya nutse a wanke shi da ruwa mai kyau nan take, a kai wurin reno. Ƙwan kuwa, in ji shi, ba ya komawa cikin gida.

Mutanen wannan yanki ba su manta ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, lokacin da Rima ta cika ta batse, gonaki da garuruwa suka shiga ruwa. A nan ma bincike ya zo da wani abu. Manoman Odisha a Indiya sun daɗe suna riƙe da wata tsohuwar shinkafa mai jure nutsewa. Masana na cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin da na Jami'ar Kalifoniya suka gano ƙwayar halittar da ke ba ta wannan hali, suka bayyana ta a 2006. Sauran shinkafa in ruwa ya rufe ta sai ta yi ta miƙewa har ƙarfinta ya ƙare. Ita wannan lamo take yi, ta adana ƙarfinta har kusan mako biyu, ruwa na janyewa ta farfaɗo. Cibiyar AfricaRice ta shigar da halin cikin irin da ya dace da mu, Najeriya ta saki FARO 66 da FARO 67 a 2017. A lura, da manoman Odisha ba su iya ajiyar iri ba, da masanan ba su tarar da abin bincike ba.

Mu ma muna da namu. Jar shinkafar gargajiya ta fadamun Sakkwato, wadda kakanni suka noma tun kafin zuwan ta Asiya, dabararta akasin waccan ce: ruwa na hawa tana hawa. Daga jinsinta ne Monty Jones, ɗan Saliyo, ya haɗa da ta Asiya ya samar da NERICA, aikin da ya ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Dattijon nan yana tuge ja daga cikin Sipi ba tausayi, amma yana da wani ɗan lungu mai zurfi da ya ware mata ita kaɗai, saboda tuwonta, in ji shi, ya fi riƙe ciki.

Masu zuwa da sabon iri daga cibiyoyi, in kun iso Tursa ko Wurno ko Goronyo, ku nemi irin waɗannan dattawa kafin ku sauke buhunanku, ku kuma tambaye su abin da ke cikin buhun mai ɗaurin tsumma.