Inda Ido Ke Bi A Shafin Winsor McCay

Ku 'yan makaranta, kun san wanda ya fara da allo idonsa kan tashi daga dama ya nufi hagu, in ya shiga boko kuwa sai a juya masa hanya. To, akwai wani karatu kuma wanda mai zane ne ke riƙe da linzamin ido, watau labarin da a ke bayarwa da hotuna jere cikin gidaje, kamar gidajen dara.

Cikin shekarar 1905 wani mutumin Amurka, Winsor McCay, ya fara buga irin wannan labari kowace Lahadi a jaridar New York Herald, sunan labarin Little Nemo in Slumberland. Yaro ne mai yawan mafarki, a gidan ƙarshe na shafi kullum sai ya farka, sau da yawa ma ya faɗo daga gado.

Idon da ya saba da boko ya kan bi gidajen daga hagu zuwa dama, in layi ya ƙare ya sauko ƙasa ya koma hagu. McCay ya san da wannan sarai, da shi kuwa ya yi ta wasa. Ku dubi shafin da ya fitar cikin 1908, inda ƙafafun gadon Nemo suka yi ta tsawo har gadon ya fita waje ya dinga ƙetare benayen birni. Yadda ƙafafun ke ƙara tsawo, haka gidajen hoton ke miƙewa, har idon da ya saba da gudu a kwance ya koma hawa da sauka. Tun mai karatu bai duba ko kalma guda ba, ya riga ya ji tsawon nan a wuyansa. A ganina nan gwanintarsa ta ke.

Amma fa aikin ba ya rasa aibu. Da farko ya kan sa bayani mai lamba ƙarƙashin kowane gida, ga kuma maganar da ke fita daga bakin mutane a tsakiyar hoton. Ido sai ya rasa wanda zai fara bi, ya sauka ya hau, alhali bayanin abin da hoton ya riga ya nuna ya ke maimaitawa. Ya bar wannan cikin 1906, shafin ya sami iska. Rubutun maganar kuwa bai daina cunkushewa ba, sai ka ce bayan an gama zane aka tuna da shi. Akwai kuma wani baƙin yaro, Impie, da ya zana cikin siffar wulaƙanci. Ido ba ya wuce shi da daɗin rai.

Masana sun gwada wannan al'amari. A wani bincike da ya buga cikin 2013, Neil Cohn ya ba mutane shafuka masu gidaje wofi, ya ce su nuna yadda za su bi su. In ƙananan gidaje biyu na bisa juna a hagu, dogo guda na dama da su, mafi yawa sai su fara sauka ƙasa kafin su ƙetara dama. Ashe shirin gidajen kan rinjayi sabon da ido ya yi da boko.

Mutanen Japan kuwa nasu littattafan zane daga dama su ke tashi, kamar allo. Ɗan boko in ya buɗe ɗaya bai sani ba, sai ya karanta amsa tukuna ya zo ga tambaya.